Cika Ko Mara

Unguwarmu ta Akterek, can bayan Almaty inda bas ke juyawa ya koma gari, unguwa ce mai shiru. Layuka huɗu ne kacal, da itatuwan tuffa, da tsofaffi 'yan fansho, da karnukan da suka manta haushi saboda babu baƙon da za su yi wa. Duk hayaniyar da aka rubuta wa unguwar nan kuwa, an tattara ta an zuba a bakin mutum ɗaya, shi ne Tolegen.

Shekara talatin ya yi a tashar bas, yana zaune a wani ɗan akurkin ɗaki yana rubuta motar da ta fita da wadda ta dawo. Amma in ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse shi ya shimfiɗa titunan ƙasar nan da hannunsa. Babu sana'ar da bai iya ba, a baki. Ya taɓa kiwon zuma, zumar ta yi fushi ta koma gidan maƙwabci. Ya taɓa gyara wa unguwa famfo, muka yi kwana uku muna alwala da ƙanƙara. Kuma ko sau ɗaya ba a taɓa jin ya ce laifinsa ne ba, gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ana saura mako biyu Ranar Mata, takwas ga Maris, ranar da ko marowacin namiji sai ya sayi fure, Tolegen ya faɗo gida yana haki.

"Maman Baglan, ajiye kwaɓin nan ki saurara. Arziki ya ƙwanƙwasa mana ƙofa."

Matarsa Sandugash ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wannan karon wa zai kwana a asibiti?"

"Kin ga yaran nan masu kawo fure daga cikin gari? Ba su san layi ba, ba su san gida ba, ba su san wace ce matar wa ba. Ni kuwa ko ido rufe! Kamfani zan buɗe. Tolegen Walƙiya. Kafin ki ce fure, ya iso."

"Da wace motar?"

"Da tawa mana."

"Wadda sai an tura take tashi? Kai, ban taɓa jin walƙiyar da ke jiran 'yan turi ba."

"Ke dai ba ki da hangen nesa."

"Ina da shi, Baban Baglan. Shi ya sa gabana ke faɗuwa."

Kashegari ya sami jan fenti ya rubuta sunan kamfanin a jikin tsohuwar motarsa, haruffan suka yi masa yawa, har sai da ƙarshen sunan ya zagaya bayan but. Ya je wajen Gulnisa, mai shagon fure da ke bakin titi, ya dame ta da surutu har ta ba shi saƙo biyu don ta samu ta sha iska. Na farko ya kai shi bayan an gama bikin. Na biyu kuwa jan wardi ne da ɗan kati mai cewa "Na kasa barci saboda ke," ya ɗauka ya danƙa wa matar liman a hannu, a gaban liman. Da aka tsare shi ya ce rubutun Gulnisa ne kamar tafiyar kaza.

Duk wannan da sauƙi, abin dariya ne. Inda ba dariya shi ne maganar Baglan.

Baglan shi ne ɗansu tilo, yana aiki can Atyrau ta bakin teku wajen masu haƙar mai, yaro mai kunya da nutsuwa, har mutane kan ce uwarsa ya biyo ta kowane gefe. Shekara biyu ke nan yana son Marjan, mai ba da magani a asibitin gunduma, ita ma tana son sa. Sai dai Marjan jikar Malama Kulfash ce ta fari, ita ta raine ta tun tana jaririya, don haka maganar aurenta a hannun tsohuwar take, ba a hannun iyayenta ba. Malama Kulfash kuwa shekara arba'in ta yi tana koyar da lissafi a makarantar unguwa. Babu mai gemu ko mai furfura a Akterek da bai taɓa tsayawa gaban allonta ba. Da aka fara taɓa ta da maganar, cewa ta yi, "Yaron na san shi, na koyar da shi, yana da kai. Ubansa ma na koyar da shi. Shi ya sa nake tunani."

Tana cikin tunanin ne ciwon zuciya ya kwantar da ita wata guda a asibiti. Da ta fito, ta aika cewa ranar takwas ga wata maƙwabta su zo shan shayi, a nan za ta faɗi ko dangin Baglan su zo neman aure ko su haƙura. Sandugash ta yi kwana uku ba ta iya cin abincin kirki.

Baglan bai samu hutu ba, sai ya kira Gulnisa ya sa ta ware masa okid, furen nan fari na cikin tukunya da ake kawowa daga ƙasashe masu zafi, mafi kyau a shagon, mai fure goma sha ɗaya. Sai da ya sa ta ƙirga sau biyu yana ji ta waya. Don a ƙasar nan ko yaron da bai shiga makaranta ba ya san mai rai fure mara ake kai masa, ɗaya ko uku ko biyar. Cika, biyu ko huɗu ko shida, na kan kabari ne. Ka kai wa tsohuwar da ta fito daga asibiti fure cika, to ka ce mata ta yi sauri ana jiran ta.

Daga nan ya kira ubansa.

"Baba, don girman Allah, alfarma ɗaya nake nema. Gulnisa za ta kai furen da kanta. Kada ka taɓa shi."

"Ni? Mai kamfani sukutum? A ce ɗana ya yi saƙon fure, wata can ta kai?"

"Baba, rayuwata ce."

"To na ji. Ka kwantar da hankalinka."

Ya ajiye waya yana murmushi. A ransa ya riga ya ga hoton: motarsa a ƙofar Malama Kulfash, jama'a sun dare, shi kuma ya fito da fure a hannu, tsohuwar da ta taɓa kiran sa kan kabewa a gaban aji tana cewa ashe ta yi kuskure.

Ranar takwas da hantsi shagon Gulnisa ba masaka tsinke. Maza sun yi layi har titi, kowa da fuskar wanda ya tuna a makare. Tolegen ya ratsa su da kafaɗa.

"Ƙanwata, miƙo okid ɗin Baglan. Ya canza shawara, ya ce uba ya fi dacewa."

"Yaya Tolegen, ni ba haka ya ce min ba."

"Ni na haife shi ko ke?"

Gulnisa ta dubi layin, ta dubi agogo, shaiɗan ya rinjaye ta. Ta ɗauko tukunyar a naɗe cikin takarda ninki uku. "To ka ji. Furen nan ba ya son sanyi, ko kaɗan. Kada ka buɗe takardar sai cikin ɗaki. Ka kunna hita. Ka tafi kai tsaye, minti biyar ne."

"Ni za ki koya wa okid? Lokacin da nake hulɗa da okid ke ko rarrafe ba ki fara ba."

Ranar ce ya fara ganin okid a kusa.

Bai yi taku ɗari da motar ba ya hango 'yan zaman kanti, tsofaffin unguwa da ke shan hantsi a kan benci, iska kuwa na saukowa daga duwatsu tana yanka kunne. Ina amfanin kamfani in ba a gani ba? Ya taka birki, ya fito da tukunyar, ya keta takardar fyaat, ya ɗaga ta sama.

"Ku kalli abin da ake ba manyan kamfanoni! Kara biyu, fure goma sha ɗaya. Na surukata ne, Malama Kulfash."

Kenjebek ya taso. Shi sa'an Tolegen ne, shekara ɗaya aka haife su, don haka yana da izinin ci masa fuska ko a gaban surukai, kuma bai taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Ya zagaya furen a hankali yana motsa leɓe.

"Sha ɗaya ka ce?"

"Cif."

"To ni goma na gani. Amma ka san ni da kai benci ɗaya muka zauna a ajin Malama, kada ka yarda da ni."

Tolegen ya ƙirga, goma. Ya sake, goma. Na sha ɗayan yana kwance a kan takalmin Kenjebek, sanyi ya kakkaɓe shi. Kenjebek ya sunkuya ya ɗauka, ya hure shi, ya soke a aljihun ƙirjin kwat ɗinsa.

"Allah Ya ji ƙan Malama," in ji shi. "Mace ce mai tsanani, amma ba ta cancanci haka ba."

Benci ya kwashe da dariya. Tolegen ya ji zufa ta karyo masa a cikin wannan sanyin, amma bakin bai mutu ba.

"Jahilci dai ciwo ne. Ai a sana'armu akwai abin da ake kira daidaitawa." Ya sa yatsa biyu ya tsinke fure ɗaya. "Tara. Mara. Akwai mai magana?"

Ya rasa inda zai jefa wanda ya tsinke, don kada a ce ya zubar da kayan ɗansa a titi, sai ya ɗaga hular gashinsa ya cusa shi ciki ya mayar. Ya ɗora tukunyar a kujerar gaba ya ɗaura mata bel. Hitar motar tun bara ta mutu, gilashin gefen kuma ba ya rufuwa sai rabi. 'Yan benci suka tura shi, ba don Allah ba, don su ga ƙarshen abin.

A kwanar layi na biyu akwai wani rami da duk unguwa ta sani, har awaki kauce masa suke yi. Mutumin da ya ce ko ido rufe ya san hanya ya faɗa cikinsa da ƙafa biyu na gaba. Fure ɗaya ya faɗo kan kujera.

"Takwas," in ji Tolegen. "La'ananne."

Ya tsinke wani, bakwai. Ya kwashe biyun ya tura cikin hula.

Bai gama gyara zama ba wata saniya ta fito daga lungu tana tafiyarta ta ƙasaita. Ya danna birki da dukkan ƙarfinsa, tukunyar ta sulale ta ƙarƙashin bel ta daki gaban mota. Ya ɗago ta, ya ƙirga. Biyu sun tafi, saura biyar.

"Biyar! Mara da kansa!" Ya leƙa ta taga ya yi wa saniyar kirari. "Allah Ya yi miki albarka, kin fi Kenjebek lissafi!"

Ya cusa biyun da suka faɗi cikin hula, ya fito don ya kwashe ƙasar da ta zube, ya ɗora tukunyar a kan bonet. Nan fa matan layin, waɗanda ke shirin tafiya shan shayin da farantai a hannu, suka zagaye shi.

"Yaya Tolegen, wannan ne na Malama? Ya na gan shi kamar kazar da aka fara figa?"

"Haka samfurin yake. Na waje ne."

"Nawa ne a jiki?"

"Biyar. Ƙirga da kanki."

"Shida dai," in ji wata mai tabarau. "Ga wani ɗan ƙullutu can a sama da bai buɗe ba."

"Wanda bai buɗe ba ai ba fure ba ne!"

"Gobe in ya buɗe a ɗakinta fa? Ta kwanta da biyar ta tashi da shida? Ai gara ma ka kai mata likkafani kai tsaye."

Mata suka rabu biyu, wasu na cewa ana ƙirgawa, wasu na cewa ba a yi. Tolegen ya kashe gardamar da farce, ya ƙwaƙule ƙullutun ya wurga a kwata. Har ya ɗauki tukunya zai shiga mota, sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ni dai a iya sanina, na tukunya ba fure ake ƙirgawa ba, kara ake ƙirgawa."

Kowa ya dubi tukunyar. Kara biyu.

"Biyu," in ji mai tabarau a hankali, ta kama baki.

Mai hankali a nan zai tsaya, ya juya shagon Gulnisa, ya ce na yi ɓarna a taimake ni. Amma Tolegen da ya ce ya yi kuskure gara ya haɗiye tukunyar. Ya ce dama yana sane, yana jira ne ya ga ko akwai mai ilimi a cikinsu. Ya kama kara ɗaya ya karya ƙas. Wautar ma ba ta tsaya nan ba, don mai fure uku ya karya, ya bar mai biyu.

"Yanzu kuma furen ne biyu," in ji mata baki ɗaya.

Ya tsinke ɗaya. Ya tsige ukun da ke jikin karyayyen karan, ya haɗa duka ya danna cikin hula, hular har ta fara tudu. Abin da ya rage a tukunya shi ne kara ɗaya siriri, da fure ɗaya tal a ƙarshensa yana kaɗawa, karan ma ya langaɓe. Ya lalubo wani ƙyalle a ƙarƙashin kujera, wanda yake goge gilashi da shi, ya ɗaure karan a jikin ɗan sandan da ke tukunyar, har da yi masa ɗaurin ado. Ƙyallen baƙi ne wuluk. Garin gyaran gira dai an tsone ido, shi kuwa sai ya ja da baya ya ce, "Kun gani? Ɗaya tamkar da dubu. Haka manyan birane ke yayi yanzu."

Saura layi ɗaya zuwa gidan Malama, kuma yanzu duk duniyar Baglan a kan furen nan guda take rataye. In ya faɗi, ba sauran abin tsinka. Don haka Tolegen ya sa giya ta ɗaya, ya riƙe tukunya da hannun dama, sitiyari da hagu, ya shiga tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali. Ya kunna fitilu da tsakar rana don kada wani ya sha gabansa. Matan suka biyo shi a ƙafa da farantansu, 'yan benci suka iso suka bi bayan matan, kowa ya yi shiru ya zuba wa furen ido ta gilashin baya, ana jiran ya faɗi.

To ka dubi abin da idon wanda bai san zancen ba. Mota na tafiya a hankali da fitilu a kunne, ga fure da baƙin ƙyalle, ga jama'a na biye shiru da kwanukan abinci.

Dattijo Sultangali, wanda kunnensa ya daɗe da yin ritaya, yana tsaye a ƙofar gidansa. Ya tare wani ya ce, "Ina za a?"

"Gidan Malama Kulfash!"

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe zuciyar ba ta bar ta ba." Ya yar da sandarsa, ya shige gaban mota yana tangaɗi, ya ɗaga murya yadda ake yi in an doshi gidan rasuwa. "Wayyo 'yar'uwata! Wayyo Kulfash, kin tafi kin bar mu!"

Tolegen ya leƙo yana ɗaga masa hannu ya yi shiru, dattijon ya ɗauka ta'aziyya yake masa, ya ƙara ƙarfi. Ƙofofi suka fara buɗewa. Waɗanda ba su san komai ba suka fito suna ɗaura ɗankwali suna kuka, waɗanda suka sani kuwa dariya ta hana su bayani, ga hawaye a idonsu su ma, ba ka bambance wannan da wancan.

A cikin gida Malama Kulfash na zaune a gaban tebur da farin ɗankwali, ga baursak, fankenmu na nan, mai zafi da Sandugash ta soya tun asuba, ga shayi da madara. Sandugash na gefe a takure, tana zuba wa tsohuwar shayi da hannu biyu. Sai kukan ya iso.

Malama ta ajiye kofi. "Marjan, leƙa ki gani, ko na mutu ne ba a gaya min ba."

Ba ta jira amsa ba, ta dogara sandarta ta fito bakin baranda. Dattijo Sultangali na shigowa tsakar gida ya yi ido biyu da ita, kukan ya tsaya cak, ya zauna daɓas a kan ƙanƙara.

"Sannu da zuwa, Sultangali. Ka yi saurin zuwa, ko ni na yi jinkiri?"

Tolegen ya fito daga mota da tukunya a ƙirji, ya ratsa jama'a yana taku ɗaiɗai. Ko a nan bai fasa ba. Ya tsaya a gindin matakala ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, Malama! Kamfanin Tolegen Walƙiya, a madadin ɗana Baglan, na gabatar miki da okid na musamman, samfurin fure ɗaya, wanda ko a cikin gari sai wane da wane."

Malama ta sauke tabaranta kan hanci. Ta dubi karan, ta dubi baƙin ƙyallen, ta dubi guntun karyayyen karan da ke leƙowa daga ƙasa. Sannan ta dubi Tolegen, irin kallon da ke gano takardar satar amsa a cikin safa.

"Tolegen."

"Na'am, Malama."

"Mene ne wannan farin da ke leƙowa ta saman kunnenka?"

"Furfura ce, Malama."

"Cire hula."

"Malama, sanyi..."

"Cire hula a gabana!"

Mutum mai shekara hamsin da bakwai, hannunsa ya tafi kansa da kansa. Hula na tashi, furanni suka zubo ta goshinsa, ta kafaɗunsa, suka watsu a kan matakala a gaban ƙafafun tsohuwar, duk sun yamutse da zufa. Ya yi wuf zai tare su, tukunyar ta girgiza, na ƙarshen ma ya saki kara ya bi 'yan'uwansa.

Malama ta sa bakin sandarta tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta ɗago ta dubi tsakar gidan, wanda kaf ɗinsa ɗalibanta ne.

"Aji, nawa ke nan?"

"Goma, Malama!"

"Cika ko mara?"

"Cika!"

"Ƙarya ne, sha ɗaya ne!" Tolegen ya yi ƙara. "Ga na sha ɗayan can a ƙirjin Kenjebek! Ba ni kayana, ɓarawo!"

"Tsintuwa na yi," in ji Kenjebek, ya dafe aljihu.

Tolegen ya yi kansa da tukunya a hannu. Ƙanƙarar tsakar gidan ta fara narkewa, santsi ya kwashe shi, ya cakumi Kenjebek suka zube tare cikin caɓi. Tukunya ta tashi sama ta dawo ta tarwatse. Da aka ɓamɓare su, furen na sha ɗaya ya zama laka, babu mai iya cewa ga shi.

Dariya ta ci ta cinye, sannan ta fara mutuwa, don an lura da Sandugash. Tana tsaye a bakin ƙofa da butar shayi a hannu, hawaye na zuba, ba ta ko sharewa. Ba kunyar mijin ce ta sa ta kuka ba, wannan ta saba. Ɗanta take tunawa, can a bakin teku yana duba waya kowane minti, da abin da za ta ce masa in ya kira. Marjan na bayanta ta sunkuyar da kai, fuskarta ta yi fari fat.

Malama Kulfash ta daɗe tana kallon su biyun.

"Sandugash, share idonki, 'yata. Wata guda ina kwance ina wannan lissafin bai fita ba, yau mijinki ya fitar min da shi. Yaron da ya tashi a hannun wannan mutumin har ya kai shekara talatin, bai haukace ba, bai kuma daina ce masa Baba ba, to ya iya haƙuri. Zai riƙe min Marjan. Ku zo ranar Asabar."

Tsakar gida ta ɗauki tafi. Sandugash ta ajiye buta ta rungume Marjan. Kafin tafin ya lafa, sai ga Tolegen ya miƙe daga cikin caɓi, laka har gira, yana buɗe hannuwa.

"Ba na gaya muku ba? Dabara ce! Duk tsari ne! Wa ya taɓa fitar da amsa daga bakin Malama cikin minti goma in ba ni ba? Ranar Asabar za ku ga neman aure. Ni ne a gaba, na ɗinka sabon kwat, jawabina kaɗai awa guda ne. Mu takwas za mu zo."

"Ku nawa?" in ji Malama.

"Takwas cif, Malama."

"Cika ke nan. Ka dai ga yadda cika ta yi min yau a gida. A tsinke ɗaya."

"Wannan mai sauƙi ne. Sai a bar ƙanin Sandugash, dama shi in ya ga nama..."

"A'a. Kai ka yi ta tsinka tun safe, yanzu layi ya zo kaina." Ta ɗaga sandar, ta miƙa ta har sai da bakinta ya taɓa maɓallin kwat ɗinsa. "Wannan. Shi ne ya fi yamutsewa."

Tolegen ya buɗe baki. Ya dubi matarsa, ta kawar da kai. Ya dubi jama'a ko akwai mai cewa haba Malama, uba ne fa, ɗansa ke nan guda. Kowa ya shiga kallon takalminsa. Wannan ta shige shi fiye da faɗuwar da ya yi, don duk shirmensa yana son yaron nan, kuma tun ranar da aka haife shi yake jiran wannan Asabar ɗin.

Ranar Asabar da hantsi mutum bakwai suka fito daga gidan Tolegen cikin kwalliya, da kyaututtuka a hannu, suka nufi gidan Malama Kulfash a ƙafa. Kenjebek ne a gaba, shi aka ba maganar uba. Tolegen na tsaye bayan ƙyaure cikin sabon kwat ɗinsa, ya manna ido a tsagar katako yana ƙirga su. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, har suka kai kwanar nan mai rami da santsi, ko Allah zai sa ɗaya ya faɗi a koma shida a aiko neman sa.

Babu wanda ya faɗi.